Rigar Baba a Cikin Bilic

Ranar da surukina ya fito da babbar rigar da ya gada, na ga aikin wuyanta ruwan ƙasa, na ce datti ne. Ni da duk garin Abbare aka san ni da wanki? Na jiƙa ta a bilic, na tafi kasuwa.

Na dawo, riga ta yi fari fat, amma aikin ya narke, sai gurbin allura.

Baba ya daɗe yana shafa wurin. "Ikon Allah! Silikin tsamiya ne, 'yata. Tsutsa ke yin sa, launinsa ke nan."

Har yau duk wadda ta sayo siliki a gidan sai ta dube ni ta ce, "A kai wa Anti ta gwada a bilic, ko na gaske ne."