Mai Gawayi da Sitatus ɗin Muhsinat

Wani ne dai ya baro ƙauyensu ya sauka Maiduguri, wajen ɗan kawunsa Bala mai sayar da gawayi a Mafoni. Aikinsa ɗaya ne, ya ɗora buhu a baro ya kai wa mai saye har ƙofar gida. Da Bala ya ga kullum sai ya ɓace a lunguna, sai ya ba shi tsohuwar wayarsa ta shafawa, ya buɗe masa Watsaf.

"In ka ɓata ka kira ni. Nan kuma, nan ake ganin mutane."

"Su ma suna ganina?"

"Ko leƙawa ka yi ana sani."

Tun daga ranar bai ƙara buɗe wayar ba sai ya wanke fuska ya sa hula. In zai shiga ya yi sallama, in zai fita ya ce a huta gajiya.

Rannan aka aike shi Fezzan da buhu biyu, gidan wata Muhsinat mai haɗa turaren wuta da humra. Tun daga bakin layi ƙamshi ya tare shi, har baron ya so ya kuɓuce masa. Ta fito cikin lafaya ruwan zuma, lalle har wuyan hannu.

"Wushe, mai gawayi. Sannu da rana. Kana da waya?"

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa masa lambarta, ta ɗauki tasa. Ita Muhsinat haka take, ko mai gyaran famfo ne ya shigo gidan sai ta karɓi lambarsa don ya riƙa ganin tallanta. Shi bai sani ba. Abin da ya sani, kwana biyu wayar tana ƙamshi, kuma kwana biyun nan bai yarda ta shiga aljihun da ya taɓa gawayi ba.

Washegari da safe ya yi sallama ya shiga, sai ga ta a sitatus. Hannun nan mai lalle riƙe da kasko, hayaƙi yana tashi a hankali. A ƙasa an rubuta: "Wanda ya shaƙi ƙamshina ba ya zuwa wani gida."

Ya miƙe tsaye. Ya zauna. Ya sake miƙewa.

Da gari ya sake wayewa ya nemi hoton ya rasa. Ya girgiza wayar, ya duba bayanta, babu. Sai ya yi murmushi. "Allah sarki, kunya. Ta goge kar babanta ya gani. 'Yar gidan tarbiyya."

Kafin ya gama yabonta wani sitatus ɗin nata ya shigo: "Ƙofa a buɗe take har magariba." Bayan kwana uku kuma: "Mai shirin aure, kar ka bari sai lokaci ya ƙure."

Wannan ne ya gama da shi. Ya ce yarinya ta yi nata, saura namiji ya amsa, kuma ta hanyar da saƙo ya zo ta nan amsa za ta koma. Ya yi wanka sau uku, ya ari hular Bala, ya jingina da darbejiyar bakin titi, ya ɗauki kansa bidiyo ya ɗora a nasa sitatus ɗin.

"Muhsinat, ni ne mai gawayi. Saƙonninki duk sun iso lafiya. Ni ma haka. Turare dai ba ya tashi sai da gawayi. Amma don Allah kar ki gaya wa kowa."

Ita ba ta ma gani ba, lambobin da ke wayarta sun fi ƙarfin dubawa. Mafoni kuwa ta gani.

Yana turo baro, Obadiah mai faci ya ajiye taya ya ɗaga hannu. "Ango! Kar ki gaya wa kowa!"

Ya tsaya cak. "Wa ya faɗa maka?"

Obadiah ya kwanta a kan benci don dariya. Ya je cin abinci, Madam Rebeka ta ƙara masa nama biyu, ta ce ango ba ya tafiya da rama. Wani mai keke da bai taɓa gani ba ya rage gudu ya ce, "Ni ma haka!" ya wuce. Kafin la'asar har kawunsa ya bugo daga ƙauye yana tambayar 'yar gidan wa ce.

Ya koma rumfa ya zauna a kan buhu. "Yaya Bala, ka ga mata ko? Na ce ta riƙe sirri. Murna ce ta yi mata yawa."

Bala ya share hawayen dariya. "Kai, saurara. Abin nan kamar allon talla ne a bakin titi. Duk mai lambarka yana gani. Nata ma haka."

"To me ya sa a aljihuna yake sauka?"

"A aljihun kowa yake sauka!"

"Yaya, hassada ba kyau. Ranar Juma'a za ka raka ni ko in nemi Obadiah?"

Bala ya ga in bai bi shi ba, a baro za a dawo da shi. Ranar Juma'a bayan la'asar suka kama hanyar Fezzan da ƙullin goro da ledar alewa. Suka tarar da mahaifin Muhsinat a zaure, dattijo mai farin gemu. Aka yi gaisuwa, aka sake, aka tambayi gida da gajiya da zafi. Sannan mai gawayi ya gyara durƙuso ya zayyana komai, har da na gogewar saboda kunya.

Dattijo ya dube shi, ya dubi goron, ya ƙwala kira. Muhsinat ta fito.

"Ke, kin san wannan?"

"Mai gawayinmu ne, Baba."

"Ya ce kin ce ya zo kafin lokaci ya ƙure."

Ta ja gefen lafaya ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi magana a hankali don kar ta kunyata shi.

"Malam, talla ce. Humrar amare nake sayarwa. Duba nan." Ta buɗe sitatus ɗin ranar, ta taɓa ƙasa, sunaye suka zubo. "Duk waɗannan sun kalla. Mutum ɗari huɗu da sha biyu."

Ya karɓi wayar. Ya shafa, sunaye. Ya sake shafawa, sunaye.

"Duk nema suke?"

"Kallo suke. Rabinsu ma mata ne."

"Yayyensu ne suka turo su." Ya ci gaba da shafawa, sai yatsansa ya tsaya. Ya juyo a hankali. "Yaya Bala. Har da kai? Kuma ka rako ni?"

"Saude ce ta ce in duba mata humra!" in ji Bala. "Matata! Ka san ta!"

"Ni ma ina ciki, yaro," in ji dattijo. "Kowa yana ciki."

Bai saurare su ba. Ya koma can farko, sai fuskarsa ta washe. "To ai ga ni nan! Ni ne a sama! Baba, duba, ni ne a kan kowa!"

Muhsinat ta sunkuyar da kai. "Wanda ya kalla a ƙarshe shi yake zama a sama."

Mai gawayi ya sake duban wayar. Ya daɗe yana kallon sunansa. Can ya miƙa mata wayar da hannu biyu, ya gyara hular aro, ya tura goron gaban dattijo.

"Baba, a ajiye wannan dai. Ni ba na tsallake layi. In ɗari huɗu da sha ɗayan nan sun fasa, ina Mafoni."