Gaisuwar da Na Ara a Ajin Kurame

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da mufattishi, wato sufeton makarantu, ya zo daga Damazin domin duba ajin kurame na ƙauyenmu, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, ko da yake ban gama tantance wanda ya kamata in yi fushi da shi ba.

Ni ne sakataren lajnar ƙauye, wato kwamitin da ke kula da al'amuranmu. Ajin nan da gumina aka buɗe shi, a wani ɗaki na makarantar yara, inda manya maza da mata da ba sa ji suke taruwa da la'asar suna koyon karatu da ɗinki da rubuta saƙo a waya, domin kada kurma ya je asibiti a Rusairis ya rasa yadda zai faɗi abin da ke damunsa. 'Yar ƙanwata Batula ce malamarsu. Sai ga mudirin makarantar, wato shugabanta, Ustaz Tijjani, ya kai ƙara cewa yana son ɗakinsa ya zuba karyayyun kujeru. A gabana ya ce, "Mutanen da ba su ji, mi za a koya musu?" Mai ilimi ne fa ya faɗi haka. Aka ce mufattishi zai zo ya gani da idonsa, kuma abin da ya yanke shi ke nan: ko su ci gaba da zama a ɗakin, ko a watse.

Na daɗe da lura cewa duk lokacin da na shiga ajin, ɗaliban sukan ɗora hannu a tsakiyar kai, su baza yatsu sama, su turo ƙirji gaba. Adamu mai gyaran injin ban-ruwa ya fi kowa iya ta. Da hankalina na auna na gane cewa yatsun nan rawani ne, ƙirjin kuwa martaba, wato gaisuwar manyan mutane ke nan a maganar hannu. Ban tambayi Batula ba (mutumin da ya yi sakandare a Madani ba ya tambayar 'yar ƙanwarsa abin da ke bayyane). Har ma nakan mayar musu da ita cikin natsuwa, su kuwa su yi ta murna, ina cewa a raina dubi yadda bayin Allah suka san mutunci.

Ran zuwan baƙo na shirya jawabi mai tsawo a kan haƙƙin naƙasassu, na kuma ƙudura zan fara nuna masa cewa mu 'yan lajna mun san harshen mutanenmu. Ya sauko daga mota, dattijo mai jiki, da farar jallabiya da rawani kamar faifai. Limami yana nan, mudir yana nan, ɗalibai sun yi sahu. Na taka gabansa, na ɗora hannu a kai, na baza yatsu, na turo ƙirji, na tsaya haka ina kallonsa ido cikin ido.

Batula ta ce a hankali, "Kawu, don Allah sauke hannunka."

Ban sauke ba. Na ma ƙara miƙe wuya.

Baƙon ya dube ni, ya ce, "Ustaz, lafiya? Ni ne zakaran, ko wani?"

Ashe mahaifiyarsa kurma ce, da hannu ya fara magana kafin baki. Ya juya ga ɗaliban, ya maimaita alamar, ya buɗe tafin hannu yana tambaya. Ba su yi shawara da juna ba. Yatsun aji gaba ɗaya, har da na Inna Hawwa da nake yi wa kallon uwa, suka nuno ni. Zankon zakara ne, ba rawani ba. Sunana ne a wurinsu: zakaran da ke shigowa yana buɗe baki yana rufewa, ba wanda ya san abin da yake cara a kai. Limami ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Mudir bai ko ɓoye tasa dariyar ba.

Jawabina bai fita daga aljihu ba. Mufattishi ya ja kujera ya zauna a tsakiyarsu, suka yi ta hira da hannu, mu masu kunnuwa muna tsaye kamar gumaka. Inna Hawwa ta nuna masa saƙon da ta rubuta wa ɗanta da kanta. Da ya tashi ya ce wa mudir, "Kujerunka ka nema musu rumfa. Mutanen da suka iya raɗa wa sakataren lajna suna ya amsa, ba a ce ba sa koyo." Ɗaki ya tabbata nasu, amma da mutuncina aka biya.

Na tsare Batula a bakin ƙofa na ce, "Ke kin sani, kika bar ni wata da watanni ina yi wa kaina cara?"

Ta ce, "Kawu, ai kai ka ce mini kada in koya maka aikinka."

Washegari na bi hanyar da ta dace, na nemi ajin ya sauya mini suna, na ma ba da shawarar alamar alƙalami. Adamu ya saurari buƙatata ta hannun Batula cikin ladabi, ya girgiza kai, ya ce suna ba riga ba ce da mai ita zai zaɓa. Tun daga ranar sai suka ƙara wa alamar kaɗa fiffike.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ina ba da shi kyauta: idan mutane suna murna duk lokacin da ka yi wani abu, ka tambayi dalili kafin ka yi shi a gaban baƙo.