Yadda Darakta Ya Ladabtar da Tumatir

A layin nan akwai malamai, akwai direbobi, akwai tela har da mai gyaran rediyo, amma Darakta ɗaya ne tak, kuma a gida na huɗu daga bakin titi Allah Ya ajiye shi. Shekara talatin da biyar ya yi a sashen kula da ma'aikata, yana kama wanda ya makara da wanda ya zo ofis da silifas. 'Yan baƙin ciki suna cewa wai bai taɓa kai muƙamin darakta ba, riƙo kawai ya yi na sati biyu lokacin da mai kujerar ya je aka yi masa aikin ido. To, sati biyu wasa ne? Ran da ya yi ritaya aka karɓe mota, aka karɓe masinja, aka karɓe kujera mai juyawa. Sunan nan ne kaɗai ba a iya karɓewa ba, shi ya rungumo ya taho da shi gida. A bayan idonsa kuwa Sai-an-rubuto ake ce masa, domin ko gaishe shi ka yi sai ka ga kamar jira yake ka kawo gaisuwar a takarda.

Wata safiya yana tsaye a tsakiyar layi, hannu a baya, yana duba aikin masu yashe kwata da ba wanda ya sa shi, sai ga mai kayan miya ya turo baronsa.

"Baba, ɗan matsa in wuce," in ji mai kayan miya.

Baba. A bainar jama'a, kuma daga bakin mutumin da ko fayil bai taɓa riƙewa ba. Manya ba sa cacar baki da mai baro. Darakta ya taka a hankali zuwa shagon tela, inda mazan layi ke zaman benci, ya gyara murya.

"Ina sanar da ku a hukumance," ya ce, "daga yau na dakatar da wancan mutumin daga ƙofar gidana. Wai me ke cikin tumatir? Ƙasa ce da ruwa da shugabanci, kuma shugabancin ne ya yi ƙaranci. Ku ba ni wata uku. In ban raba wa kowane gida a layin nan tumatir daga lambuna ba, kada wanda ya sake kirana Darakta."

Tela ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, ya rubuta kwanan wata a jikin ƙofar shagonsa.

Akwai ɗan fili a bayan gidan Darakta, tsakanin kicin da katanga, inda matarsa ke shanya. A ranar aka kwance igiyar shanya. Darakta ya sa aka kafce wurin, aka zuba taki, ya raba shi gida uku, ya kafa wa kowanne kwali a jikin sanda: Sashen Tumatir, Sashen Tattasai, Sashen Kabewa. Ya zuba iri a jere, ya auna tsakani da rula. Ƙarfe takwas daidai na kowace safiya sai ya fito da kwat ɗinsa ta aiki, jan biro a aljihu, bokiti a hannu. Ranakun hutu kuwa ba a ban ruwa, tunda doka ba ta ce a yi aiki ba. Duk da haka shukar ba ta mutu ba, abin da Darakta ya ɗauka a matsayin shaidar ƙwarewarsa. Bai taɓa tambayar inda matarsa ke watsa ruwan ɗaurayar kwanuka ba.

Da tsiro ya fito ya ɗan tasa, sai ya lura da wasu tumatir uku a sahun gaba suna jingina da juna. Ya san irin wannan. Da haka ake fara ƙulle-ƙulle a ofis. Nan take ya tumɓuke su, ya yi musu canjin wurin aiki, ɗaya gindin katanga, ɗaya bakin famfo, ɗaya can kusa da kejin kaji. Biyu suka bushe. Ya buɗe littafinsa ya rubuta cewa sun ajiye aiki bisa raɗin kansu.

Sauran dai suka yi ta girma, kore shar, har Darakta ya fara tsayawa a shagon tela yana bayani kan yadda za a gyara harkar noma a duniya baki ɗaya.

A sati na bakwai aka samu matsala. Ya fito duba ma'aikata kamar kullum, sai ya ga wani ɗan abu rawaya a jikin tumatir. Ya sa tabarau. Fure ne. Ya duba na kusa da shi, shi ma fure. Tattasai ya fito da nasa farare ƙanana. Kabewa kuwa, da yake ba ta da ta ido, ta buɗe wasu manya-manya masu baki kamar mazurari. Ran Darakta ya ɓaci ƙwarai. Shi da ya taɓa mayar da sakatariya gida saboda jan baki, shi za a yi wa ado a bakin aiki?

"Aiki na ɗauke ku, ba kwalliya ba," ya ce musu, yana nuna su da biro ɗaya bayan ɗaya. "Ruwan da nake ba ku da takin da nake zuba muku, na tumatir ne. Wanda yake son fure ya nemi gidan masu fure. A nan sakamako ake so."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko almakashi. Kafin ƙarfe tara babu sauran fure a lambun. Ya tattara furannin ya zuba a wani kwali, ya rubuta a jiki: Kayan da aka ƙwace.

Matarsa tana kallonsa ta tagar kicin. Mace ce mai haƙuri, shekara arba'in tana zaune da shi, ta san lokacin magana da lokacin shiru, amma wannan karon abin ya fi ƙarfinta. Ta fito tana goge hannu da zani.

"Baban yara, ai furen nan da kake yankewa shi ne..."

"Rubuto," in ji Darakta, bai ko juyo ba.

Ta koma ciki, ta yagi takarda, ta rubuta layi ɗaya, ta kawo. Ya karɓa da yatsu biyu, ya dubi samanta, ya dubi ƙasanta, ya miƙa mata abarta ba tare da ya karanta tsakiyar ba.

"Babu kwanan wata. Kuma ba ta biyo ta hannun da ya dace ba."

"Hannun wa kuma? Gidan nan daga ni sai kai."

"Wannan matsalar tsari ce, za a duba."

Ta ce to. Ta linke takardar ta tokare ƙafar teburin kicin da ita, dama ya daɗe yana rawa.

Daga ranar almakashi ya zama abokin bokiti. Shukar ta yi taurin kai, kullum sai ta fito da sabon fure, Darakta kuma ya fi ta taurin kai. Tumatir ya kai masa ƙirji, ganye ya yi duhu, kabewa ta yi yaɗo ta rufe ƙasa ta hau katanga. Duk wanda ya leƙo sai ya ce ma sha Allah. Miyar da Darakta ke ci kullum kuwa da tumatir a cikinta, amma bai taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba, manya ba sa shiga harkar kicin.

Saura sati biyu wa'adi ya cika, Darakta ya durƙusa ya buɗa ganye, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa. Ko ƙwallo ɗaya babu. Ya fahimci abin da ke faruwa nan da nan: yajin aiki ne. Ya rubuta takardar gargaɗi ta ƙarshe, ya buga hatimi, ya liƙa a sandar Sashen Tumatir. Ya kuma ninka sa ido, yanzu safe da yamma ake kamen fure.

Gaskiyar magana, tsoro ya kama shi. Abinci ya daina shiga. In ya bi ta gaban shagon tela sai ya kau da kai daga rubutun allin nan. Ya san in sunan ya tafi, abin da zai rage shi ne wani tsoho mai tsohuwar kwat, wanda za a ce wa ya matsa a wuce. Wannan tunanin ya sa har ya fara ban ruwa ranar hutu, a ɓoye.

Ranar ta zo. Bai gayyaci kowa ba, amma mutanen layi masu zumunci ne, ba sa manta alkawari. Da hantsi suka fara sallama, direba da kwando, mai gyaran rediyo da roba, malamin makaranta da buhu don kada a ce ya raina. Mai kayan miya ya ajiye baronsa daidai inda iyakar ƙofar gidan ta ƙare, ya tsaya yana sakace.

Darakta ya tarbe su da kwat da jan biro, ya tsaya a gaban ganyensa.

"Jama'a, abin da kuke gani shi ne kashi na farko na shirin, wato samar da ganye, kuma an kammala shi ɗari bisa ɗari. Kashi na biyu ya gamu da rashin haɗin kai daga ɓangaren ma'aikata. An kafa kwamiti."

Bai rufe baki ba sai ga tela ya shigo yana nishi, rungume da wata kabewa da ta kai tulu. Gidansa ne a bayan katangar. Ya dire ta a gaban Darakta, ya share gumi.

"Amanarka na kawo. Yaɗon kabewarka ne ya tsallako mana, ya sauka bayan ɗakin girki. Akwai wasu huɗu can irinta."

Fuskar Darakta ta washe. Ya dafa kabewar kamar mai ba da lambar yabo.

"Kun gani ko? Reshenmu na waje ke nan. Wane tsari kuka bi da ita?"

"Tsari kuma?" in ji tela. "Wallahi ko kallonta ba ma yi. Ta yi furenta, muka ƙyale ta, furen ya zama wannan."

Idanun jama'a suka bi almakashin da ke leƙowa daga aljihun kwat, suka gangara kan kwalin da ke gindin famfo, cike fal da busassun furanni. Mai kayan miya, wanda ba a san lokacin da ya shigo ba, ya sunkuya ya damƙi cikin hannu, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Kai, Baba, ka yi aiki," ya ce. "Nan kaɗai tumatir kwando goma ka yanke."

Darakta ya jira wani ya gyara masa kiran. Ba wanda ya gyara. Direba ya kifa kwandonsa a ka ya ce sai an jima Baba. Malamin makaranta ya naɗe buhunsa ya ce Allah Ya ba da lada Baba. A bakin ƙofa kuwa layi aka yi a gaban baro.

Da gidan ya watse, sai ya kifa bokiti ya zauna a kai, kabewar tana gabansa. Matarsa ta fito da wuƙa da faranti. Da ya yi magana, muryar ba ta ofis ba ce.

"Yanzu a ce duk lambun nan, wadda ta gudu daga hannuna ce kaɗai ta yi abin kai?"

Ta ƙwanƙwasa kabewar da yatsa, ta ji ta nuna, ta ɗora a faranti.

"Kada ka sa a ranka, Baban yara," ta ce. "Ai yaran namu ma sai da suka tsallake katangar nan suka zama mutane."