Atamfar da Ta Canza Launi a Hanyar Djougou

Wata biyu da shigata grup ɗin mata 'yan kasuwa na WhatsApp, ni da ko firamare ban gama ba, na zama mai ba da shawara. "Haske ake saya, ba zane ba," nake ce musu, ina jijjiga goyo.

Na gano wani abu a waya, filta, mai mayar da fuskata ta amarya. Akwai wata atamfa mai ruwan ƙasa a shagona na Zongo a Parakou, ta ƙi tafiya tun ina da cikin Nana. Na ɗauki hotonta, na danna mata filta, ta fito jajir, na tura grup.

Hajiya Rabi, mai haɗa ankon biki a Djougou, ta ce in aiko turmi ashirin, bikin jikarta saura kwana uku. Na ɗora a taksi har da guɗa.

Washegari muryarta ta faɗo tsakiyar grup. "'Yar nan, ja na saya. Wannan kuwa kalar ruwan wanke-wanke ce. Ko rana ce ta dafa ta tsakanin Parakou da nan?"

Na ce, "Hajiya, ƙila hasken ɗakinku ne." Ina ma na yi shiru.

Kayan suka dawo, masu anko suka koma wurin wata. Har yau ko awo na kai Nana, sai wata ta leƙa goyon ta ce, "Maman Filta, yarinyar nan haka take, ko kin danna mata?"