Takardar Gargaɗi Ga Garin Kobalt

Allah ya yi mana baiwa da shugaban ɗakin gwajinmu, mutumin da ilimi ya yi wa yawa har yana tsiyaya ta aljihun farar rigarsa. A bayan idonsa muna kiransa Dakta Daram. Aikinmu samar da man mota ne daga iska. Ana tura iskar kabon monoksaid, mai gubar nan ta hayaƙin gawayi, tare da iskar haidirojin cikin tukunyar ƙarfe mai zafi, su ratsa garin wani ƙarfe da ake kira kobalt, mai ya ɗigo ta ƙasa. Dakta bai taɓa murɗa ko famfo ɗaya ba, amma hotonsa ne a jikin tukunyar.

Tun yana ɗalibi ya haddace cewa kobalt sa aiki kawai yake yi, shi ba ya canzawa. Shekara talatin ke nan, ko wasali bai taɓa ba.

Sai ga injiniyar da ke kula da tukunyar, baiwar Allah marar surutu, ta kawo awo. Mai yana raguwa. Ƙwayoyin kobalt sun dunƙule saboda zafi, baƙin kabon kuma ya lulluɓe su kamar gindin tukunyar girki.

"Kobalt ɗina?" in ji Dakta. "A ƙarƙashin shugabancina? Ko gishiri bai isa ya narke a nan ba sai da sa hannuna."

Ya sa aka buga wa kobalt takardar gargaɗi, aka manna a murfin tukunya, aka ba shi kwana uku ya kare kansa. Kobalt bai ce uffan ba. Dakta ya ce shiru ma amsa ce, wato ya musanta zargin, saboda haka injiniya ce maƙaryaciya. Ya kore ta ran da hukumar ma'aikata za ta zo duba aiki, ya rubuta cewa har abada kada ta sake taɓa tukunyar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ita ke riƙe da ƙannenta huɗu.

Hukuma ta iso lokacin da injiniya ke tattara kayanta. Dakta ya ce gani ya kori ji, zai buɗe tukunya kowa ya shaida.

"Ranka ya daɗe, in iska ta taɓa shi da zafinsa, kamawa da wuta zai yi," injiniya ta ce daga bakin ƙofa.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ya zazzago garin a faranti. Garin ya yi jajir, ya yi hayaƙi, ya tafi da rabin gashin bakin Dakta, ya kwanta ya mutu. Mai ya tsaya cak.

Shugaban hukuma ya tambaya ko akwai mai iya farfaɗo da shi. Muka juya gaba ɗaya muka dubi bakin ƙofa. Dakta ya matsa kusa da ita yana shafa inda rabin gashin baki yake a da.

"'Yata, a yi haƙuri a duba mana."

Ta buɗe takardar korar, ta karanta a nitse, ta ninke.

"Ranka ya daɗe, har abada ka rubuta. Ni wa ce ce da zan canza maganarka?"