Rasuwar Hajiya Mai Tagogi a Ɗakin Jego

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki kuma da ya ƙi rufuwa, ni Murja matar Malam Dalhatu ta nan Gumel nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hajiya Mai Tagogi. Amma tsaya tukuna, na haihu! Namiji! Wayyo ku zo ku ga suma! To, mu koma makoki.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ita ce baƙar na'urar nan mai kama da akwatin ƙarfe da maigidana ke kula da ita, wai saba. Shagunan taki da iri na Alhaji Ubale duk a jikinta suke. In maigidan ya kunna allo sai tagogi su jeru, kowane shago da tasa, ga ta Maigatari, ga ta Gagarawa, ga ta Sule Tankarkar, can ƙasa 'yar mitsitsiya ta Ɗanzomo. Yana zaune ya leƙa wannan ya tsallaka waccan, kamar mai duba akurkin kaji. Bokona bai yi nisa ba, amma ko ni na gane in taga ta sandare, to babur zai hau ya tafi can gyara, tuwonsa ya huce.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Ba ta taɓa kai zancen Gagarawa Maigatari ba. A dalilinta tukunyarmu ke hawa murhu. Ba ta da magana sai "huuuu", in ranta ya ɓaci ta ce "tit".

Sai ga suna ya faɗo Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ranar da tagar can ba ta taɓa wuni lafiya ba. Na sha kuka. Ina aka taɓa raɗa wa ɗan fari suna ubansa yana bakin boda? Don ya lallashe ni sai ya ɗauko Hajiya daga ofis ya aje ta a ɗakina, wai ya riƙa kallonmu tare.

Ciwon ajali ya same ta ne bayan Goggona ta iso daga Ɗanzomo don yi mini wankan jego. Dokar Goggo ɗaya ce, iska ba ta shiga ɗakin mai jego. Ta toshe ko'ina, ta kashe fanka, ta shigo da kaskon garwashi. Maigidan ya tafi duba ragon suna, ni ina bayan gida ana zuba mini ruwan zafi, sai Goggo ta jiyo "huuuu". Ta ce, "Oh ni 'yasu, baiwar Allah tana ta makyarkyata, ba mai tausayinta!" Ta lulluɓe ta da bargo har ƙasa, ta matso mata da kasko.

Yana dawowa ya tarar tagogi na rufewa. Ɗanzomo ta fara, sauran suka bi. Maigatari mai taurin kai ita ce ƙarshe. "Tiiiit." Shi ke nan.

Ya ce, "Goggo, wa ya rufa mata bargo?"

Ta ce, "Ni ce, ɗan nan. Ka ga ai ta samu barci."

Alhaji Ubale ya zo da fushinsa, ya ga furfurar Goggo, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce dama Hajiya ta tsufa, sabuwa sai wani satin daga Kano, kafin nan Dalhatu ya zauna gida. Na so in yi guɗa, Goggo ta harare ni.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, da kibod mai ɓallen haƙori, da igiyoyi jikoki birjik, da maigidana da har yanzu yatsunsa ke motsi a kan cinya kamar yana danna kibod.

Za a fita da ita ranar Alhamis da hantsi, bayan an raɗa suna an raba goro. Manu mai gwangwan ne zai ɗauke ta a baro. Mata ku taho da kwalliyarku, akwai waina da kunun kanwa. Mai karɓar gaisuwa shi ne Malam Dalhatu, za ku same shi kan tabarma a ƙofar gida tun safe har magariba, ba inda za shi. In kuwa wani ya kira shi a waya, ku sani Goggo ta riga ta ce babur ɗin nan ma kamar yana jin sanyi.