Kar Ki Gaya Wa Baba

Ko me zan manta na zaman jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban 'yan matan wata sakandare a Rano ina ba su ƙwarin gwiwa ba. Har yau in abin ya faɗo min a rai, ko abinci nake ci, sai na ajiye cokali na rufe fuska.

Ni 'yar Durba ce, ta ƙasar Kibiya. Lokacin ina aji biyu a Kano, ina karanta ilimin kwamfuta. A ajinmu mu mata ba mu cika benci guda ba, maza kuwa har bakin taga. Ba wanda ya taɓa ce min tashi ki fita, amma kullum ji nake kamar na shigo biki ba a gayyace ni ba. In aka raba mu rukuni don yin aiki, kafin in buɗe baki wani ɗan ajinmu, Nasiru, mai surutu kamar rediyo, zai ce, "Hajiya, ke riƙe biro, rubutunki ya fi kyau." Su zauna gaban kwamfuta, ni in zauna gefe ina rubuta sunayensu. In na maƙale a wani darasi kuwa, gara in haɗiye tambayar da in ɗaga hannu, don kar a kalli juna a ce ai dama an sani.

A gida ma dangi aikin jinya suka so min, ko koyarwa. Baba ne kaɗai ya tsaya min. Manomi ne, bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, amma duk wanda ya haɗu da shi a kasuwar Rano sai ya ji labarin 'yarsa mai karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk sanda ya tambaye ni ya karatu, amsata ɗaya ce: "Lafiya lau, Baba, ba wuya."

Sai Dakta Binta, malama mace ɗaya tilo a sashenmu, ta shirya kai ziyara makarantun 'yan mata don a jawo su fannin kimiyya. Da aka zo kan Rano ta ce, "Ke 'yar can ce, ke za ki yi magana." Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Ina wanka ina jawabi, ina tafiya aji ina jawabi, har madubin ɗakinmu ya haddace shi. Dakta ta turo min saƙon murya na wata tsohuwar ɗalibarta da ke aikin rubuta manhaja a Legas, ta ce in sa wa yaran su ji. Wayata kullum a cike take, don haka duk abin da ba na so ya ɓata nakan tura wa yayata Hadiza, in na buƙata in je wajen hirarmu in ɗauko. Haka na yi da wannan ma.

To, a yinin nan aka kafe sakamakon gwajin rubuta manhaja. Na faɗi. Ba faɗuwa ta mutunci ba, wadda mutum zai ce saura kaɗan. Na zagaya bayan ɗakin kwamfuta, na zauna gindin dalbejiya, na danna waya na juye wa Yaya Hadiza duk abin da ke cikina cikin saƙon murya. Ba ta ba ni amsa a rubuce ba, kirana ta yi, ta lallashe ni har na yi dariya. Na share hawaye na manta da zancen. (Mai karatun kwamfuta fa, ku lura. Saƙonni biyu a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ko a jikina.)

Ranar ziyara muka taso daga Kano a motar makaranta, da Dakta da Nasiru, wanda aka ɗauko don ya jona mana kayan sauti. Muna shiga zauren taron sakandaren na ga ɗalibai cike maƙil, fararen hijabai har bango. A layin gaba kuma, tsakanin shugabar makaranta da wasu iyaye, ga Baba. Ya hawo babur tun daga Durba, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, yana ta murmushi yana nuna ni ga na kusa da shi.

Maimakon ganinsa ya sa in yi a hankali, sai ya ƙara min mai. Na karɓi makirfo na baro tebur, na shiga tsakiyar ɗalibai kamar yadda na ga ana yi a talabijin. Na ce musu kwamfuta ba ta san namiji ba ta san mace. Na ce ni tun da na fara ban taɓa jin tsoro ba. Na ce (Allah ya yafe min) wani lokaci maza ma wajena suke zuwa in koya musu. Na hango Nasiru ya ɗaga gira, na ɗauke kai. Aka yi tafi. Sai na koma na jona wayata da lasifika, na danna saƙon baiwar Allah ta Legas, na tafi can ƙarshen zauren na harɗe hannu ina gyaɗa kai.

Ta yi magana mai daɗi, ta yi sallama. Na ɗaga makirfo zan ce "kun ji ko," sai lasifika ta yi ɗan ƙara, aka ji wata ta ja majina.

"Yaya... Yaya Hadiza, wallahi na gaji."

Da farko har tausayin mai maganar na ji. Sai na gane muryar: tawa ce, wayar ta zarce saƙo na gaba da kanta.

"Ba na gane komai. Kowa yana ganewa sai ni. Wannan Nasirun ma mai kai kamar tulu ya fi ni. Ni dai zan tattara in dawo gida in riƙa suyar awara a ƙofar gida, ai ita ma sana'a ce."

Na zabura a guje. Zauren da na tako cikin yanga ya koma min kamar daga Rano zuwa Kibiya. Hijabina ya maƙale a ƙusar wani benci, na fizga, na ji ƙyat. Ina ta yi wa Nasiru ihu, "Kashe! Kashe!" Shi kuma ya rikice, ya damƙi wayar ya danna maɓallin gefe, sai ya ƙara sauti. Na iso na fizge, allon ya kulle, yatsana ya jiƙe da gumi, wayar ta ƙi gane ni. Ko tunanin zare igiyar lasifikar bai zo wa ɗayanmu ba, mu biyu masu ilimin kwamfuta. Muna wannan kokawa muryata ta cika zauren, dalla-dalla, da shessheƙa:

"Amma don Allah, don Annabi, kar ki gaya wa Baba."

Sai wata yarinya a baya ta kasa riƙe dariya, daga nan zauren ya ɗauka. Shugabar makaranta ta toshe baki da gefen mayafi. Ni kuwa ina tsaye da yagaggen hijabi, ina kallon siminti ina roƙon ya tsage. Wajen Baba ko da wasa ban kalla ba.

Ina neman hanyar fita sai wata siririyar ɗaliba ta ɗaga hannu. Dakta ta ce ta yi magana.

"Anti, to kin dawo gidan?"

Na ce a'a.

"Me ya hana?"

Ban shirya wannan a madubi ba. Na ce mata gaskiya: na faɗi gwajin, na yi kuka, washegari na koma aji saboda duk da haka ina son abin. Na ce ranar da na fara rubuta wasu 'yan layuka kwamfuta ta yi abin da na ce, har rawa na taka a ɗaki. Na ce kuma tsoro ina ji kullum, abin da na faɗa ɗazu cika baki ne.

Sai hannuwa suka yi ta tashi. Wata ta ce lissafi ke ba ta wuya, za a ɗauke ta? Wata ta ce yayanta ya ce karatun maza ne. Wata ta tambaya ko ana barin mace ta taɓa kwamfutar ko kallo kawai take yi. Ana cikin haka Nasiru ya karɓi makirfo, yana sosa ƙeya. "Ni ne mai kai kamar tulun," ya ce. "Kuma don Allah a daina cewa na fi ta. Ni ma na faɗi gwajin nan. Rabin ajin mun faɗi, kowa ya yi shiru ne kawai." Na juya na kalle shi baki buɗe. Ashe duk zaman da nake ina ganin ni kaɗai ce ba na ganewa, su ma a tsorace suke, sun dai fi ni iya ɗaga murya.

Da aka tashi na so in sulale cikin mota, sai na ji an ce, "Uwata." (Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.) Baba na tsaye jikin babur ɗinsa. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa.

"Ashe da wuya," ya ce.

"Da wuya, Baba."

"To me ya sa kullum kike ce min ba wuya? Ni da nake ganin wasa kike zuwa yi. Yanzu na san karatu kike." Ya tayar da babur, sannan ya waigo. "Zancen awara kuma ki bar shi. Na ci wadda kika soya da hutu."

Da yamma Yaya Hadiza ta kira, tana dariya har numfashinta na ɗaukewa, don labari ya riga Baba isa Durba. "Ni dai ki shaida," ta ce, "na riƙe amana. Ban gaya masa ba."

Mun sake gwajin, na haye da ƙyar. A aikin rukuni na gaba na riga kowa zama gaban kwamfuta, ba wanda ya ce uffan. Abin da na koya dai shi ne, in kana so na baya su biyo ka, ka nuna musu inda ka yi tuntuɓe, sun fi yarda da kai a nan. Sai dai ka nuna musu da bakinka, a lokacin da ka zaɓa. Kuka kuwa, tun daga ranar, ido da ido nake yinsa, ba na ɗaukar sa a waya.